Ba Laifi

Sunana Sama'ila. A garin Babban Mutum aka binne cibiyata, kiwo da fataucin dabbobi kuma na tashi na tarar a gidanmu. Ba ni da yawan magana, wadda nake da ita ɗin ma ba na yi mata ado. In abu ya lalace na ce ya lalace. In yana tsaka-tsaki na ce da dama-dama. In ya kai inda ake so na ce ba laifi, na ja bakina na tsuke. Haka na ji ubana yana yi, haka dattawan garinmu ke yi har gobe. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka tambayi ɗan'uwansa ya jiki, ya ce da sauƙi. Wani ya cika rumbunansa da gero har ya rasa wurin zuba wake, ka ce ya amfanin gona, ya ce sai godiya, an dai samu na kunu. Ba rowa ba ce. Baki yana da kaifi, abin da aka cika yabo ba ya daɗewa.

Ana nan sai Allah ya haɗa ni zama da Yasmin.

Yasmin 'yar ƙanwata Haulatu ce, wadda ta yi aure a Kano. A can aka haifi yarinyar, a can ta yi boko, ita ce kuma ɗana na fari ya aura. Da wata ce daban, da surukuta ta raba mu, ta hango ni ta sauya hanya. To wannan tun tana zanen goyo nake ɗaukarta. Kawu take ce mini, aure kuwa bai rage mata ko kalma ɗaya ba. In ta buɗe baki sai ka ce rediyo aka kunna. Komai a wurinta ya haɗu. Tuwo ya haɗu, ɗan akuya ya haɗu, sabuwar buta ta haɗu. Ka ce mata ya gajiya, ta ce nomal.

Wata rana da hantsi tana shan fura a tsakar gida ta ɗago ta ce, "Kawu, furar nan ta Umma ta yi masifar daɗi."

Na ce, "Masifa can gidan wani. Ki ce da daɗi ki yi shiru."

"Ai ta wuce da daɗi, Kawu. Wannan ƙarshe ce."

"In ita ce ƙarshe, gobe me za ki sha?"

Ta yi dariya har ta ƙware. Haka muke da ita. Ba na ƙin yarinyar, bakinta ne ke sa mini ciwon kai. Mutanen Kano sun ɗauki manyan kalmomi sun zuba su a kan ƙananan abubuwa, ranar da babban abu ya zo ban san da me za su tare shi ba.

Shi kuwa mijin nata ba na kama sunansa, ɗan fari ne. Uwarsa Ummukulsum ma ba ta kamawa. Wancan muke cewa, ko yaron nan, ko mu ce an zo, an tafi, kowa ya gane. Tun da aka yaye shi yayana Malam Kabo ya ɗauke shi zuwa Daura, can unguwarsu ta bayan Kusugu. Shi ya riƙe shi, shi ya sa shi allo da boko, daga nan ya wuce Kano ya koyi aikin sola, irin wanda ake sa rana ta ja ruwa daga ƙasa. Ni dai sai da salla nake ganinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina duban wani wuri, ya tashi.

A bakin gonarmu akwai rijiya, kakana ya haƙa ta. In ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira kafin ka ji ta taɓa ruwa. Hannu ba ya shayar da garke daga irin wannan rijiya, sai da sa. Nawa ja ne mai faɗin ƙirji, Jatau nake ce masa. Tun yana ɗan maraƙi na hore shi. A ɗaura masa igiya ya miƙe har gindin aduwa, guga ta fito, na juye a komi, ya juyo da kansa ba sai an ce masa komai ba. Shekarun da muka yi tare da shi a bakin rijiyar nan, ban yi su da wani ɗan Adam ba. Da bazara, lokacin da tafkuna suka ƙafe, ran shanuna a wuyan Jatau yake.

Bayan girbi sai ga wancan ya sauka da matarsa da kayansu. Ya kawo masu haƙa da motarsu mai ƙara, da guminsa, bai nemi komai a wurina ba. Suka huda ƙasa nesa kaɗan da tsohuwar rijiya. Mahdi mai walda ya ƙera ƙafafun ƙarfe aka ɗora tanki a sama, aka jera faifan sola suna duban rana, aka gina sabon komi na siminti mai tsawo. Wancan yana can tun safe har rana ta yi sanyi, hannunsa duk waya da maiƙo. Ta bakin Yasmin na ji cewa so yake ya buɗe shago a garin, ya riƙa yi wa manoman ƙasar Baure irin wannan aiki, ya huta da zaman haya a Kano. Na ji, na ci gaba da sha'anina. Amma ranar sai da na ƙara tuwo.

Ranar da ruwa ya zo garin ya taru. Wancan ya murɗa kan famfo, ruwa ya feso fari tas, mata suka rangaɗa guɗa. Yasmin ta ɗaga waya tana ɗauka tana cewa, "Wallahi ƙarshe ne, ku duba, ba mai, ba inji, ba hayaƙi." Na tara hannu na kurɓa. Ruwa ne mai daɗi, ba kanwa, ba tsami. Na ɗaga kai na dubi ƙafafun tankin na ce, "Mahdi, hannunka yana da albarka. Wannan ƙarfe ko raƙumi ya jingina da shi ba zai motsa ba."

Mahdi ya washe baki. Yasmin ta juyo da wayar kaina.

"Kawu, saura mai gayya mai aiki. Me za ka ce wa Yazid?"

Ita ta kama sunan, ba ni ba. Yana tsaye gefe da sifana a hannu, kansa a ƙasa. Na dubi ruwan da ke gudu a komi na ce, "Ba laifi."

Ta sauke wayar. "Shi ke nan?"

"Akwai ƙari ne?"

Na kama hanya na koma gida, ƙirjina cike, har ina jin kamar rigata ta yi mini kaɗan.

Washegari da safe na ɗaura wa Jatau igiya kamar kullum. Matan gari suka yi layi a famfo, awakin maƙwabta suka sha a sabon komi, ban hana kowa ba. Amma shanuna daga tsohuwar rijiya suka sha. Dalilina a fili yake. Abin da rana ke tuƙawa, ranar da hadari ya rufe ta fa? Ranar da wata waya ta ƙone fa? Sa in ya kwana biyu bai ja guga ba sai ya sangarce. Ba na sakin reshe na kama ganye. Haka muka ci gaba, kullum safe ni da Jatau muna kai da komo tsakanin rijiya da aduwa, wancan yana gindin tanki yana goge faifansa. Ya gaishe ni, na amsa, kowa ya kama aikinsa.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta. Ran nan na dawo daga kasuwar Baure, Ummukulsum ta ajiye mini ruwa ba ta tashi ba.

Ta ce, "Malam, an fara ɗaure kaya."

"Wa?"

"Ka san wa."

Kafin na sa kofi a baki sai ga Yasmin. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta zauna a bakin tabarma.

"Kawu, kamfanin da ya bari a Kano sun kira shi, za su ba shi shugabancin wani aiki. Da ya ce musu a'a, yanzu ya ce zai je. Kuma kai ka jawo."

"Ni na kira su?"

"Mutum ya bar birni ya zo ya yi maka aikin da duk ƙasar nan ba irinsa. Ka yabi mai walda a gabansa, shi ka ce ba laifi. Ba laifi fa, Kawu. Ko ƙosai aka saya mini na fi haka godiya."

"Ke ai ƙosai ma ƙarshe ne a wurinki."

"Kalma biyu ce. Ka ce ya haɗu. Ko ka ce ya yi ƙoƙari. Ka kira shi ka ce, Yazid, ka burge ni, ka zauna. Wallahi ko jaka ɗaya ba zai ɗaga ba."

Na ce, "'Yar Haulatu, ni ba ɗan Kano ba ne. Ban taɓa jin uban kirki ya tsaya gaban jama'a yana wasa ɗan farinsa kamar maroƙi ba. Abin da ke bakina na faɗa, kuma ya fi abin da ke naki nauyi."

"To nauyin ne zai kai mu tasha."

Ta tashi ta tafi tana buga takalmi.

Da la'asar shi da kansa ya same ni a turke ina ba Jatau harawa. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, mutanen Kano sun kira. Na ce bari na ji ta bakinka."

Ga abin da ke raina: ba na son ya tafi. Yaron da ban zauna da shi ba tun yaye, sai yanzu na fara sanin tafiyarsa da irin tarinsa. In ya koma wannan karon ya tafi ke nan, jikokina su tashi suna ce mini nomal ta waya. Amma harshena bai san hanyar wannan magana ba. Na ci gaba da warware harawa na ce, "Namiji shi ya san inda abincinsa yake. Allah ya sa a dace."

Ya ɗan jima a durƙushe. Na ga ya dubi Jatau, ya dubi igiyar da ke rataye a turke. Ya ce, "Amin. Ranar Asabar za mu kama hanya." Ya tashi.

Da gari ya waye na shiga motar Daura. Dabarata mai sauƙi ce. Malam Kabo ne ya riƙe shi, in ya ce zauna, zai zauna, ni kuma bakina bai motsa ba. Na sauka na ratsa ta Kusugu, na same shi a zaure, ɗalibansa sun tashi ke nan, yana naɗe buzu. Muka gaisa gaisuwa ta mutane: gida, iyali, dabbobi, zafi, masu jiki. Sai da muka gama tsaf na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya saurare ni yana jan carbi. Da na kai aya ya ce, "Ba zan faɗa masa ba."

"Yaya, ɗanka ne."

"Ɗana ne, shi ya sa. In na ce ya zauna zai zauna, ya zama kamar akuyar da aka ɗaure tana hangen kasuwa. Ba umarni yake nema ba."

"To so kuke na tsaya na ce ya haɗu, kamar 'yar Haulatu? Wallahi ko za a yanka ni."

Ya yi dariya. "Wa ya ce ka ce ya haɗu? Kai da wannan fuskar, in ka faɗa ma sai yara su gudu. Yaron nan a zauren nan ya tashi, ya san ba laifi, ya san nauyinta a bakin irinku. Yasmin ce ba ta sani ba, ita kuwa ba ita ke ɗaure kaya a zuci ba."

"To me ya dame shi?"

Ya ajiye carbin. "Sama'ila, wane ne ɗan farin Baba?"

"Kai ne."

"Har ya koma ga Allah bai kama sunana ba. Ranar da na sauke Alƙur'ani a garin nan, kai kana rarrafe, ba ka san an yi ba. Baba ya zo ya zauna can baya, na karanta, malamai suna ta sa albarka. Aka ce masa, Malam, me ka gani? Ya ce ba laifi. Ko inda nake bai duba ba. Amma akwai wani farin bijimi da yake ji da shi, fatake sun yi ta zarya a kansa ya hana. Shi ya koro da ƙafa tun daga Babban Mutum, aka kayar da shi a ƙofar makaranta, unguwa duka ta ci. Ban sake tambayar kaina ko Baba yana so na ba."



Ya ƙara da cewa, "Ba laifi ba ta tafiya ita kaɗai. Mutanenmu sun tsuke baki ne don hannu ya yi magana. Kai ka gaji bakin ka bar hannun. Ka ce ba laifi, na ji. Me ka yanka?"

Ya laluba aljihu ya fito da waya, ya daddanna da ƙyar ya miƙo mini. Bidiyo ne Yasmin ta turo masa, wai ya ga yadda mata ke ɗibar ruwa. Ga famfo yana zuba, ga layin bokitai, ga muryarta tana cewa ƙarshe ne. Can baya kuma ga wani mutum da jan sa suna jan guga, shanu sun kewaye tsohon komi.

Malam Kabo ya ce, "Wancan dattijon na baya, ka san shi? Bakinsa ya ce ba laifi sau ɗaya. Igiyarsa kuwa kullum safe tana cewa ban yarda da ruwanka ba. Wanne kake so yaron ya ji?"

Ban ce masa ya yi gaskiya ba. Ba na ce wa mutum ya yi gaskiya a cikin zaurensa. Na ce rana tana yi, mota za ta cika. Ya rako ni bakin ƙofa yana murmushi, abin da ya ƙara ba ni haushi.

A mota na yi ta juya maganar. Ina da raguna a turke, ina da bijimai biyu da nake kiwatawa. Ko wanne na kayar za a ci nama a yi addu'a. Amma nama kawai zai zama, gobe da safe igiya ta ci gaba da faɗin abin da take faɗa. Tun kafin mu kai Baure na san wanda zai tafi, sai dai na ƙi yarda har muka shiga gari.

Ranar Juma'a bayan an sauko na faɗa wa Ummukulsum. Ta daina tankaɗe ta dube ni.

"Jatau? Cikin bazarar nan?"

"Shi."

"In famfon ya tsaya fa?"

"Mai shi ya gyara."

"In mai shi ya hau mota duk da haka?"

"To shanu su yi ta kuka a bakin rijiya, a ce Sama'ila ne wawan Babban Mutum."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Sai a aiko da itace da wuri. Naman tsohon sa ba ya jin wuta."

Asabar da safe motar da za ta kai su ta tsaya a ƙofar gida, ana ta fito da akwatuna. Ni kuwa na kwance Jatau na ja shi gona. Da muka iso rijiya ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya sunkuyar da wuya yana jiran igiya. Na shafa masa doro na ce mu je. Ya dube ni, ya bi ni har gindin tanki. Ɗantsoho mahauci yana can da mutanensa, na aika masa tun jiya, amma ban faɗa masa wace dabba ba.

Ya ce, "Sama'ila, lafiyarka ƙalau? Wannan ai shi ne rijiyar taka."

"Wuƙa na ce ka kawo, ba shawara ba."

"Ka ba ni bijimi ɗaya cikin na turke mana, ga mai ga tsoka. Wannan in an dafa sai an nemi gatari."

"Ɗantsoho, ka kayar ko na kira wani."

Suka kayar da shi. Ni na riƙe kan, ni na yi bisimilla, ban ba kowa ba. Abin da na ji a lokacin nawa ne. Da aka gama na buɗe famfo na wanke hannuna da wuƙar da ruwan tankin. Na koma rijiya na naɗe igiya, na ɗauko guga, na kawo su na ajiye a gindin ƙarfen Mahdi. Sannan na buɗe shinge na koro shanuna.

Suka nufi tsohon komi, suka tarar da shi a bushe. Suka tsaya suna kuka. Na kora su zuwa sabon, suka yi cirko-cirko suna shinshina siminti. Wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda ita ke gaba a komai, ta sa baki ta ja. Sauran suka rufa mata.

Labari ba ya kwana a garinmu. Kafin a gama fiɗa wurin ya cika, dattawa sun zo da sandunansu, mata sun fara haɗa murhu. Sai ga Yasmin da gudu, mayafi a hannu, wancan yana biye da ita cikin kayan tafiya. Ta ga jar fata a shimfiɗe ta dafe ƙirji.

"Kawu, Jatau ne wannan? Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Walima ce."

"Walimar me?"

"Ta ruwa."

Ta dubi shanu a sabon komi, ta dube ni. Yarinyar ba ta da wauta, baki ne ya yi mata yawa. Ta matso ta rage murya.

"To tunda abin ya kai haka, Kawu, ka ƙarasa mana. Ga shi nan tsaye. Aikin nan ya haɗu ko bai haɗu ba?"

Na ce, "Ba laifi."

Ta buɗe baki za ta fara, sai wancan ya ce, "Yasmin, bari." Ban taɓa jin ya katse ta ba sai ranar. Ba ni yake kallo ba. Igiya da guga yake kallo a gindin tankinsa. Wani dattijo daga baya ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, "Sama'ila ya ce ba laifi, ya kuma kayar da san jan gugarsa da bazara. Ni dai ban taɓa ganin an yi wa ɗa irin wannan ba." Na yi kamar ban ji ba, na ce wa Ɗantsoho ya ware kason maƙwabta.

Wancan ya juya ya nufi gida. Ban bi shi da ido ba, amma kunnena yana can. Aka jima na ji an tayar da mota, na ji ƙararta ta bi hanyar Baure har ta ɓace. Hannuna yana kan tsoka, na kasa tuna kason wa nake yi. Ummukulsum tana bakin murhu, ita ma ta tsaya da muciya a hannu.

Sai ga shi ya ɓullo ta bayan shinge. Ya tuɓe kayan tafiya, ya sa tsohuwar rigarsa mai maiƙo, sifana a aljihu. Ya zo ya durƙusa inda ya saba, nesa kaɗan.

Na dubi tanki na ce, "An ce ana ɗaure kaya."

"An kwance, Baba. Mai mota ya samu wasu fasinjan."

"To. Kan famfon can na gefe yana ɗiga. Shanu ba su da wata rijiya yanzu, a riƙa dubawa."

"Za a duba."

Ya tashi ya ɗauki igiyar da gugar, ya rataye su a ƙarfen tanki, can sama inda akuya ba za ta kai ba. Sannan ya tafi wurin famfon.

Sai bayan azahar nama ya yi yadda za a iya sa masa haƙori. Aka baje tabarmi a inuwar aduwa, gari ya ci, aka yi addu'a. Ni ina gefe da akushina, su biyun suna bayana kaɗan, ina jin su. Yasmin ta kama wata tsoka tana ja, tsoka tana ja.

Ta ce, "Kawu, ka san ba na ɓoye gaskiya. Wannan naman kam bai haɗu ba. Kamar igiyar ce aka dafa."

Na ce, "Yau dai an samu abin da ba ƙarshe ba."

Ta juya wurin mijinta. "Kai fa? Tun ɗazu kake tauna guda ɗaya ba ka ce komai ba. Ya ka ji shi?"

Ya ɗauki lokaci kafin ya haɗiye. Ya sa hannu ya ɗauki wata tsokar.

Ya ce, "Ba laifi."

Ta ajiye ƙashin ta dube shi, ta dube ni. "Na shiga uku, sun zama biyu."

Na tsamo hanta daga akushina, ita kaɗai ce mai laushi a jikin Jatau, na miƙa mata ta baya ban juya ba.